Kifi a ƙasa, alayyahu a sama: Darasin shekara guda a tsakar gidana a Kazaure

Wata safiya cikin watan Fabrairun 2024, bayan na dawo daga sallar Asuba, na haska fitilar wayata cikin tankin da ke kusurwar tsakar gidana, sai na iske 'ya'yan tarwaɗa goma sha bakwai sun juya ciki sama. Kafin wannan rana na tsame tara, kafin ita kuma huɗu. Uwargida tana tsaye a ƙofar madafi riƙe da buta, ta dubi tankin, ta dube ni, ba ta ce uffan ba. Da ta yi magana da ya fi mini sauƙi, domin kuɗin da ke yawo a saman ruwan nan, kuɗi ne da muka yi shawarar sayen tunkiyar kiwo da su, ni ne na karkatar da su zuwa ga abin da na gani a waya.

Abin da na gani ɗin shi ne noman da ake haɗa kiwon kifi da shukar kayan miya a ruwa ɗaya, wanda Turawa ke kira akwafoniks. Na yanke shawarar rubuta abin da ya faru da ni ne saboda yadda na ga matasanmu suna tura wa juna hotunan bidiyon wannan noma, kowa na cewa ga hanyar arziki ta samu. Akwai gaskiya a cikin maganar, akwai kuma abin da hotunan ba sa nunawa. Tunda na riga na biya kuɗin makaranta da rayukan kifaye sama da ɗari, bai kamata wani ya sake biya ba. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah.

Abin da ya ja hankalina

Duk wanda ke cefanen gida a ƙasar nan ya san abin da ya biyo bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. Kifin da a da ake jefa wa miya ba tare da dogon lissafi ba, ya koma abin marmari. Jami'an gwamnatin tarayya sun sha faɗin cewa Najeriya na buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, alhali abin da muke samarwa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan adadi ba. Wani ɓangare na giɓin ana cike shi ne da kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi daga ƙetare da dalar Amurka, shi ya sa duk lokacin da Naira ta yi tuntuɓe, tukunyar talaka ce ke jin jiki.

Mu a Kazaure Allah Ya yi mana baiwar madatsun ruwa irin su na Muhammadu Ayuba da na Dambo, akwai masunta, akwai masu lambu. Amma daminarmu ba ta wuce wata huɗu, kuma ba kowa ke da fili a bakin ruwa ba. Wanda ya san ƙauyukan da ke tsakanin duwatsun Roni da Gwiwa, ko jigayin Babura da ke iyaka da Jamhuriyar Nijar, ya san yadda ruwa ke tsada idan rani ya tsananta. Saboda haka da ɗana ya nuna mini yadda wani mutum ke fitar da kifi da ganye daga wuri da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, ba ƙasa, ba takin zamani, kuma ruwan nan ɗaya ke ta kewayawa, sai na ji kamar don mu aka ƙirƙiro abin.

Dabarar a baki ba ta da wuya. Kifi yana cikin tanki yana cin abinci yana ɓata ruwa. Ɗan ƙaramin inji yana ɗaga ruwan zuwa wani kwami da aka cika da tsakuwa aka shuka ganye a ciki. Saiwoyin ganyen suna shanye ƙazantar a matsayin taki, ruwan ya tsarkaka, ya gangaro wa kifi. Kifi ya ciyar da shuka, shuka ta wanke wa kifi ruwa.

Ba kuma sabon abu ba ne a duniya. Manoman gundumar Qingtian a ƙasar Sin sun shafe sama da shekara dubu suna sakin kifi a gonakin shinkafa, har Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta sanya tsarin nasu cikin kayan gadon noma na duniya a 2005. Salon zamani kuwa ya samo asali ne daga binciken masana irin su Dokta James Rakocy, wanda ya shafe kusan shekara talatin tun daga 1980 yana gwaji da karfasa a Jami'ar Tsibiran Virgin, da Mark McMurtry, wanda ya gwada shuka cikin yashi a wata jami'ar Jihar Karolina ta Arewa a Amurka cikin shekarun 1980. A 2014 hukumar FAO ta fitar da cikakken littafin jagora domin masu ƙaramin ƙarfi. Sai dai duk wannan na san shi ne daga baya. A lokacin da na fara, ilimina bai wuce bidiyon minti goma sha biyu ba.

Hangen Dala ba shiga birni ba

A ƙarshen Janairu na samo tsohon tankin roba mai cin lita 1,000, irin mai kejin ƙarfen nan. Na tabbatar abin da aka taɓa zubawa a ciki na abinci ne, domin tankin da ya taɓa ɗaukar sinadari ko maganin feshi ba ya wankuwa har ya dace da kifi. Muka yanke kashi ɗaya cikin uku na samansa, muka kifar da shi ya zama kwamin shuka mai zurfin kamar santimita 30, muka ɗora shi a kan na ƙasa, wanda ya zama gidan kifi. Na kwaso ragowar tsakuwar da ta saura daga ginin katangar gidan na cika kwamin. Na sayo inji ɗan ƙarami wanda ake nutsawa cikin ruwa, wanda cin wutarsa bai kai na ƙwan fitila irin na da ba.

Abin da ya fara ba mu wahala shi ne mazuƙar ruwa. Ana son kwamin ya riƙa cika yana tsiyayewa da kansa, domin idan ruwan ya janye, iska ta shiga tsakanin tsakuwa saiwoyi su shaƙa. Ana yin haka da bututu biyu, ƙarami a tsaye cikin babba mai rufaffen kai. Idan ruwa ya kai bakin ƙaramin, sai ya kori iskar da ke ciki, ya zuƙe kwamin gaba ɗaya cikin 'yan mintoci, sannan iska ta shiga ta katse zuƙar, a sake sabon cika. Kwana biyu muka yi da mai gyaran famfo muna fama. Wani lokaci ruwan ya ƙi fara zuƙa, wani lokaci ya ƙi tsayawa. Ashe sirrin yana ga ƙarfin ruwan da ke shigowa: in ya yi kaɗan zuƙa ba ta kamawa, in ya yi yawa ba ta sakewa. Da muka sa makunni a bututun shigowa muka daidaita, sai ga shi yana yi kamar numfashi. Mai gyaran famfon ya yi dariya ya ce, "Malam, shekara ashirin ina wannan aiki, yau ne na ga bututu mai hankali."

Daɗin wannan nasara ne ya ruɗe ni. Kwana uku da cika tanki na sayo 'ya'yan tarwaɗa 150 na zuba. Na kuma riƙa watsa musu abinci safe, rana da yamma, har da ƙari idan baƙi suka zo kallo. Ban lura cewa sauran sanyin hunturu ya sa ba sa ci sosai da safe ba, abincin yana nutsewa yana ruɓewa a ƙasa. A rana ta takwas mutuwa ta fara. Cikin mako biyu, 43 kaɗai suka rage.

Ma'aikatan da ido ba ya gani

Da abin ya ishe ni, na ɗebi ruwan a gora na nufi bakin dam wurin wani dattijon masunci da muka saba. Ya sunsuna, ya zuba kaɗan a tafin hannu ya duba, ya ce, "Ɗana, wannan ruwa ya mutu. Ruwan da kifi ke rayuwa a ciki yana da rai, shi ya sa ba ka taɓa ganin mun wanke dam ba." Ya ba ni shawarar in rage abinci, in rage kifi, in kuma daina gaggawa. A lokacin na ɗauki maganar a matsayin hikimar tsofaffi kawai. Sai da wani tsohon ɗalibina da ya karanci kimiyyar kiwon kifi a jami'a ya zo gidan, na gane cewa dattijon ya faɗi abin da ke cikin littafi ne da harshensa.

Ga bayanin da ya yi mini. A wannan noma halittu uku ake kiwo, ni kuwa biyu na sani. Na ukun su ne ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a jikin tsakuwa. Kifi yana fitar da wani sinadari mai suna amoniya, mafi yawa ta wurin da yake numfashi a gefen kansa, ruɓaɓɓen abinci da kashinsa su ma suna ƙara ta. Amoniya guba ce ga kifi ko da kaɗan ce. Akwai rukunin ƙwayoyin da ke cinye ta su mayar da ita wani sinadari, naitirayit, wanda shi ma guba ne, domin yana hana jinin kifi ɗaukar iska. Sai rukuni na biyu su karɓa su mayar da shi naitiret, wanda ba ya cutar da kifi sai ya yi yawa ƙwarai, kuma shi ne ainihin takin da ganye ke so. Waɗannan ƙwayoyi suna zuwa da kansu daga iska da ruwa, amma kafin su yaɗu su cika tsakuwa sai an ba su mako huɗu zuwa shida, sanyi kuma yana ƙara jinkirta su. Ni kuwa na zuba kifi 150 a gidan da ba a riga an ɗauki masu shara ba.

Kuskure na biyu shi ne na ma'auni. Ƙa'idar da ke cikin littafin FAO ita ce, kowane murabba'in mita ɗaya na ganye yana iya ɗauke ƙazantar abincin kifi giram 40 zuwa 50 a rana, masu 'ya'ya irin su tumatir kuma giram 50 zuwa 80. An kuma shawarci mai koyo kada nauyin kifinsa ya wuce kilo 20 a cikin lita 1,000 na ruwa. Kwamina bai fi murabba'in mita ɗaya ba. Ko da kifayen nan 150 sun tsallake makon farko, ranar da suka girma da abincinsu na yini ɗaya ya fi ƙarfin kwami ashirin irin nawa. Ashe a wannan noma, yawan shuka ne ke yanke yawan kifi.

Sai muka koma farko. Na bai wa wani maƙwabci mai kududdufin kifi 18, na bar 25. Na yi aike Kano aka sayo mini kwalaben gwajin ruwa, waɗanda ake ɗiga wa ruwa ya canza launi a gane yawan amoniya da naitirayit da kuma ma'aunin tsami da kanwa na ruwa, wanda ake kira pH. Na samo duro uku na roba masu cin lita 200, muka tsaga kowanne biyu a tsaye, suka ba ni ƙarin kwami shida. Muka sa wani bokiti tsakanin tanki da kwamai inda kashin kifi ke kwantawa, ina tsiyaye shi kowane kwana biyu in zuba a gindin zogale da lemo. Na koma ba da abinci abin da za su cinye cikin 'yan mintoci, duk abin da ya saura in kwashe. Tsohon ɗalibin nawa ya kawo mini bokitin tsakuwa daga matatar wani tsohon tankin kifi domin ta zama iri, kamar yadda mata ke zuba tsohon nono a sabuwar madara. A mako na biyar kwalbar gwaji ta nuna amoniya da naitirayit sun sauka ƙasa, naitiret ya bayyana. Ruwan ya yi rai.

Bazara da wutar lantarki

Ban gama murna ba bazara ta shigo. Mai karatu zai tuna zafin da aka yi a azumin 2024, wanda ya fara ranar 11 ga Maris. A ranar 3 ga Afrilu, ma'aunin zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, mu ma nan abin da muka gani ba dama. Tankina yana fuskantar rana tun hantsi, kafin la'asar ruwan ya yi ɗumi kamar na wankan jego. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iska sosai, kuma dafin amoniya yana ƙaruwa da zafi. Tarwaɗa tana da wata baiwa ta shaƙar iska kai-tsaye daga saman ruwa, shi ya sa take jure abin da karfasa ba za ta jure ba. Amma ƙwayoyin bakteriya da saiwoyin ganye ba su da wannan baiwa.

Ana cikin haka wuta ta ɗauke kusan kwana biyu. Inji ya tsaya, tsakuwa ta fara bushewa, alayyahu ya sunkuyar da kai. Idan tsakuwa ta bushe, ƙwayoyin da na yi mako biyar ina jira sun mutu ke nan. Da ni da yara muka koma ɗibar ruwa da bokiti daga tanki muna zubawa a kwamai, bayan kowace awa ɗaya ko biyu, da rana muna azumi, da dare bayan Asham har zuwa sahur. A daren na biyu ne uwargida ta fito ta karɓi bokiti daga hannuna ta ce, "Malam, je ka kwanta, tunda an riga an shiga ruwa sai a yi iyo." Daga ranar gonar ta zama tamu.

Bayan Sallah na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na kafa rumfar zana a kan tankin kifi, na naɗe jikinsa da tsofaffin buhunan algarara da asabari, wanda ya rage zafi ya kuma hana gansakuka yaɗuwa. Ganyen kuma na yi masa inuwa mai shara-shara. Sannan na sayi faifan sola ɗaya da batir da inji mai aiki da wutar batir. Wannan ne kashe kuɗi mafi girma a duk aikin, ya fi kuɗin tanki da kifi da bututu in an haɗa. Amma a ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan wuta suka samu matsala, mafi yawan jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu, injina bai tsaya ko na awa ɗaya ba. Duk wanda zai yi wannan noma a ƙasarmu, ya fara lissafi daga sola. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ganye ya yi rawaya

Matsala ta gaba ta zo a hankali. Sababbin ganyen alayyahu suka riƙa fitowa rawaya, jijiyoyinsu kaɗai ke kore. Gwaji ya nuna ma'aunin pH ya haura 8, alhali wurin da kifi da shuka da ƙwayoyin bakteriya ke haɗuwa su yi sulhu shi ne tsakanin 6 da 7. Idan ruwa ya karkata ɓangaren kanwa, sinadarin ƙarfe da shuka ke buƙata yana nan cikin ruwan amma saiwa ba ta iya shansa. Mun daɗe muna zargin ruwan rijiyar burtsatse, ashe ɓarawon yana cikin gida. Tsakuwar da na kwaso daga ragowar gini tana gauraye da ɓarɓashin siminti da fasassun bulo. Da muka matsa lemon tsami a kan wasu ƙwayoyin, sai ga su suna kumfa. Ruwa ba ya tsami banza.

Na sauya tsakuwar da ta dutse zalla, wankakkiya, amma kwami ɗaya bayan ɗaya, da tazarar kwana goma, don kada in kori ƙwayoyin bakteriya gaba ɗaya. Da damina ta sauka na riƙa tarar ruwan sama daga indararo, bayan na bar na farko ya wanke rufi, ina cikawa da shi. A hankali ma'aunin ya sauko, ganye ya koma kore shar. Wanda ke amfani da ruwan famfo kuma ya sani cewa maganin da ake sa masa don kashe ƙwayoyin cuta yana kashe ƙwayoyin amfanin ma, don haka sai an bar shi a buɗe kwana ɗaya ko biyu kafin a zuba.

Akwai kuma ƙwari. Darɓa ta kama ganye, hannuna ya yi ta ƙaiƙayin ɗauko maganin feshi, amma duk abin da aka fesa wa ganye ƙarshensa tankin kifi ne. Da hannu da feshin ruwa zalla muka yi maganinta, muna tsinke ganyen da ya lalace. Kaji da ƙadangaru kuwa sai da aka kewaye wurin da raga.

Lissafin gaskiya

Ga abin da ya fito. Alayyahu shi ne zakara: mako huɗu bayan dashe ana fara yanka, kuma yana sake tohowa. Rama da lalo da yakuwa da na'a-na'a sun yi kyau. Latas ya ƙi a bazara, ya yi ɗaci ya miƙe, amma da hunturu ya dawo ya yi abin mamaki. Tumatir ya yi ganye ya yi fure, 'ya'yan ba su taka kara sun karya ba, domin yana buƙatar sinadaran da abincin kifi kaɗai ba ya wadatarwa, sai tsarin ya tsufa an kuma iya ƙara masa abin da ya rasa. Daga watan Yuni har ƙarshen shekara ba mu sayi ganyen miya ba, har maƙwabta sun shaida.

Kifi kuwa, daga cikin 25 ɗin nan 22 suka kai ga tukunya, jimillar nauyinsu kamar kilo 14, bayan sun cinye kusan buhu ɗaya da rabi na abinci mai kilo 15. Mun ci wasu ɗanye, uwargida ta yi bandar sauran. Ruwan da nake ƙarawa bai wuce jarka ɗaya a yini ba a tsananin zafi, rabin jarka a lokacin sanyi, wanda ya yi daidai da abin da masana ke cewa tsarin yana rasa kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari na ruwansa a rana. Maƙwabcina mai kiwon tarwaɗa a tanki irin na kowa, duk bayan 'yan kwanaki sai ya zubar da mafi yawan ruwansa a kwata ya sake sabo.

To, na ci riba? Idan aka haɗa kuɗin tanki da duro da sola da batir da kwalaben gwaji da kifin da suka mutu, amsar ita ce a'a, a shekarar farko ban mayar da kuɗina ba. Da tunkiyar muka saya, da yanzu ta haihu. A lissafina sai an shekara biyu zuwa uku kafin kayan su biya kansu, shi ma in batir bai mutu ba, in kuma abincin kifi bai ci gaba da tashi ba, domin shi ne ke cinye mafi yawan kuɗin kowane mai kiwon kifi. Saboda haka duk wanda ya zo wa matashi da maganar ya sayar da babur ɗinsa ya shiga wannan noma zai zama miloniya cikin wata shida, bai faɗa masa gaskiya ba. Tanki ɗaya a tsakar gida tukunyar miya yake ciyarwa, ba ya kai mutum kasuwa.

Wa ya dace ya yi?

A ganina ya dace da mutum uku. Na farko, magidancin cikin gari da ba shi da fili kuma ruwa ke masa tsada. Na biyu, matan aure da ke cikin gida, waɗanda dama su ke kiwon kaji da awaki, domin aikin yau da kullum bai wuce rabin awa ba, abin da yake so shi ne ido da kulawa. Na uku, makarantu, domin ban taɓa ganin abin da ya koya wa 'ya'yana kimiyya kamar tankin nan ba. Ƙaramar 'yata da ke aji biyar na firamare yanzu ita ke gwada ruwa tana rubutawa a littafi.

Wanda kuwa ke da lambu a bakin dam ko fadama, ba ya buƙatar duk wannan ɗawainiya. Ya isa ya kafa tankin kifinsa a gefen lambu, duk ruwan da zai zubar ya kora shi cikin kwamin albasa da tumatir. Zai rage sayen taki, ba kuma ruwansa da mazuƙa ko batir. Abin takaici ne yadda ruwan tankunan kifi, wanda taki ne tsantsa, ke malala a lungunanmu yana tara sauro yana haɗa maƙwabta faɗa.

Ina da kira ga cibiyoyinmu. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu tana nan cikin Kazaure, ga Jami'ar Tarayya da ke Dutse, ga Kwalejin Binyaminu Usman a Haɗeja, ga Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, ga hukumar JARDA da malaman gonarta. Littattafan da ake da su an rubuta su ne da yanayin wasu ƙasashe a zuciya. Muna buƙatar a gwada mana da kayanmu: wace tsakuwa ce ta dace daga duwatsunmu, ko yashin rafi mai kauri zai maye gurbinta kamar yadda McMurtry ya gwada, wane ganye ne ke jure zafin Afrilu, yaya za a haɗa abincin kifi mai araha daga waken suya da dusa da sauran abin da muke nomawa. A fitar da sakamakon cikin Hausa, a takarda da rediyo. A kuma samar da wurin da mutum zai kai ruwansa a gwada masa, ko ya sayi kwalaben gwaji ba sai ya yi aike Kano ba. Ɗaliban da ke neman aikin kammala karatu ga aiki nan a ƙofar gida.

Ga mai niyyar farawa kuma, shawarata a taƙaice ita ce: ka fara da ƙarami, da kuɗin da in sun salwanta ba za a kwana da yunwa ba. Ka tanadi inuwa da sola kafin kifi. Ka gwada tsakuwarka da lemon tsami. Ka bar ruwa ya yi mako huɗu zuwa shida yana kewayawa da kifi 'yan ƙalilan kafin ka ƙara. Ka yawaita shuka, ka taƙaita kifi, ka tsuke hannu wajen abinci. Ka nemi wanda ya riga ka, ko masunci ne ko malamin jami'a, domin matambayi ba ya ɓata. Kuma ka shawarci iyalinka tun farko, saboda ranar da inji ya tsaya, su ne za su riƙe maka bokiti.

Yanzu haka zubi na biyu na cikin tanki, guda ashirin cif, ban ƙara ko ɗaya ba. Kwanan baya na kai wa dattijon nan masunci damin alayyahu da tarwaɗa biyu. Ya ɗaga ɗaya ya auna a hannu, ya ce ba laifi, amma har yanzu ta dam ta fi zaƙi. Ban yi masa musu ba. Allah Ya sa wa nemanmu albarka, Ya ba mu damina mai amfani.